Sensar Iska

"Taka mana! Taka, ɗan iska!"

Na taka totur har ƙasa. Motar ta yi shiru, kamar mai jan numfashi kafin atishawa. Ta yi tari, ta girgiza, ta ƙi gaba.

Tsakar rana ce a garin Taiping na Malesiya, ƙofar shagon gwal. Wana, Yaya Rosdi, da Gajere sun faɗo cikin motar da jakar gwal ɗin sata, ƙararrawar shagon na ihu. Can ciki mai shagon na kwance yana wa 'yan sanda waya.

Ni ne bakaniken, ni ne direban. Kuma na san ciwonta, abin kunyar ke nan.

Sati guda kafin nan na cire akwatin iskar da ta zo da shi, na ɗaura mata buɗaɗɗiyar filta ja, don kawai ta riƙa gurnani in na wuce rumfar shayi. Na shafe filtar da mai har yana ɗiga. To, bayan filta akwai sensar iska, wata 'yar siririyar waya mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ke shiga. Man ya lulluɓe ta, ta fara shara ƙarya.

Yaya ya ji tun ranar da muka yi gwajin motar.

"Zamri, me ya sa take tunani kafin ta tashi?"

"Fulogi ne, Yaya."

Na canza fulogi. Washegari na ce fetur ne. Wanke wayar aikin minti biyar ne, amma sai na kwance filtar da na cika gari da baki a kanta, a gaban Gajere mai kirana injiniyan nasi lemak, wato injiniyan cin shinkafar kwakwa. Na ce ai za ta ware da kanta.

Jiniya daga kwanar kasuwa!

"Me za a yi?" in ji Yaya.

"A zare soket ɗin sensar! In ta daina jin ƙaryar za ta tafi!"

"To fita!"

"In na ɗaga ƙafa za ta mutu!"

Gaskiya ne. Amma tsoro ma ya riƙe ni.

Yaya ya dira, ya ɗaga bonet.

"Wanne?"

"Baƙin, bayan filta!"

Ya fizge. Injin ya yi ruri! Ya buga bonet ɗin — tau! tau! 'Yan sanda sun buɗe wuta. Na ga gwiwarsa ta lanƙwashe. Ya miƙo hannu wajen ƙofa.

Gajere ya ɗora min bindiga a ƙeya.

"Ja mu, ko ka bi shi!"

Na ja. A madubi na ga sun danne shi da kwalta.

Gajere ya sauke ni a gonar roba, ya wuce iyaka da mota da gwal. Yaya ya rasa ƙafa. Wata uku suna matsa masa ya faɗi direba, ya ce bai san fuskarsa ba. Inna har yau albarka take sa min, wai ni ne ɗan da bai ɓata mata suna ba.

Da na je ganinsa a kurkuku, na shirya magana mai tsawo. Na kasa ɗaga ido. Shi ya fara, ta bayan gilashi, a hankali.

"Ba fulogi ba ne, ko?"

"A'a, Yaya."

"Tun a gwaji ka sani?"

Na gyaɗa kai.

Ya ɗauki sandunansa ya juya. Lokacin ziyara ko rabi bai yi ba.