Wa Ya Huda Rigar Kaka?

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da mamanta da yayarta da kakanta, mahaifin Mama. Kaka tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki. Har yanzu ba ya son ganin abu a karkace. Ko takalmi aka ajiye ba daidai ba, sai ya yi magana. Yarinyar nan kuwa, "Ɗalibata" yake ce mata, wai ita kaɗai ta rage masa a aji.

Tana da wani hali. In aka ba ta biskit ko gyaɗa, ba ta cinyewa. Sai ta ci kaɗan, ta ɓoye saura. Ita kuma Yaya hanci ne da ita. Ƙarƙashin matashi, cikin jakar makaranta, bayan labule, duk ta gano.

"Yaya, wa ya ci min biskit?"

"Taimakon sa na yi, kar ya lalace," in ji Yaya tana dariya. "Marowaciya kawai!"

Yarinyar ta yi ta tunanin inda hannun Yaya ba zai kai ba. Sai ta tuna da durowar Kaka. A aljihun ƙasa yake ajiye wata farar riga. Sau ɗaya yake sa ta a shekara, ranar da tsohuwar makarantarsa ke raba wa ɗalibai kyaututtuka. Mai wanki ne yake wanke ta, ya goge, ya ninke. Ba wanda ya isa ya taɓa aljihun nan.

Nan ta mayar wurin ɓoyonta. Tana tura biskit ƙarƙashin rigar, can ciki. Wani lokaci ta ci, wani lokaci ta manta. Haka aka yi mako uku.

Ana saura kwana shida bikin, Kaka ya ɗauko rigar da safe ya warware ta. Sai ga huji a ƙirji, yatsa uku za su shige.

"Ku zo ku gani!" ya ɗaga murya.

Mama ta fito daga kicin da gudu. Yaya ta biyo ta. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mai wanki ne ya ƙona min riga da dutsen guga," in ji Kaka. "Ya ninke hujin a ciki don kar in gani. Ƙunar ba ta dame ni kamar ɓoyewar ba."

"Baba, a dai bi a hankali," in ji Mama. "Mutumin nan bai taɓa ɓata mana kaya ba."

"Yau ya ɓata. Ɗalibata, ɗauko rigar ki biyo ni."

Shagon mai wanki yana bakin layi. Igiyoyin shanya huɗu ne a gabansa, duk cike da kaya. Yana tsaye yana guga. Da ya hango su, ya ajiye dutsen ya yi murmushi.

"Malam, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Da ba a tashi lafiya ba, da ba ka gan ni ba. Dubi aikinka!"

Mai wanki ya karɓi rigar. Ya juya ta, ya shafa bakin hujin da yatsa.

"Malam, wannan ba ƙuna ba ce. In ka ba ni dama..."

"Ban zo sauraren darasi ba. Abu uku nake so. Na ɗaya, ka amsa laifinka. Na biyu, ka ba ni haƙuri a gaban mutanen nan. Na uku, ka daina yi wa jama'a rufa-rufa."

Mutane sun riga sun taru. Kowa ya san Malam ba ya ƙarya. Matar kafintan unguwa da ta kawo ƙunshin wanki ta sake ɗora shi a ka, ta juya. Mai shagon kusa ya aiko a karɓo masa rigunansa, ko bushewa ba su yi ba.

Mai wanki ya ce a hankali, "Ba zan amsa abin da ban yi ba, Malam. Amma Allah ya huci zuciyarka."

Yarinyar tana tsaye. Ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta ce komai ba. To, yara, a nan ne babban kuskurenta yake. Ɓoye biskit wauta ce. Amma yin shiru ana ɓata sunan mutum a gabanka, wannan zalunci ne.

Washegari ta biyo ta layin daga makaranta. Igiya ɗaya ce kawai da kaya. Ranar da ta biyo baya, igiyoyin duk babu komai. Mai wanki yana zaune a kan benci, dutsen guga a gefe ba wuta.

Ta so ta wuce da sauri, sai ya gan ta.

"'Yar makaranta, an taso? Yaya Malam? Ki gaishe shi."

Ko ɓacin rai babu a muryarsa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Tana isa gida ta shige ɗakin Kaka. Ya fita duba wani abokinsa. Ta jawo aljihun durowar har ƙarshe. Babu biskit ko ɗaya. Takardar da aka naɗe shi ta zama gutsi-gutsi a lungu, an tara ta da zaren farin yadi. Ga wasu baƙaƙen abubuwa ƙanana a warwatse. Wani wari kuma ya buso mata.

Ta fashe da kuka. Mama ta shigo tana goge hannu.

"Ke, lafiya? Me kike yi a durowar Kaka?"

Ta faɗa mata komai, tun daga biskit na farko.

Mama ta ce, "Ba ni za ki faɗa wa ba. Ki jira mai rigar."

Da Kaka ya dawo, yarinyar ta durƙusa a gabansa. Ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba. Kaka ya sa tabarau. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon aljihun.

"Ranar da muka je shagon, kin san kin ajiye abinci a nan?"

"Na sani, Kaka."

"Me ya hana ki magana?"

"Tsoro."

Kaka ya cire tabarau ya goge. "Kin yi laifi biyu. Ni ma na yi ɗaya, kuma nawa ba ƙarami ba ne. Shekara talatin da biyar ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su ba da amsa. Ga shi ni ban karanta ba. Tashi, ki je ki roƙi Baba mai wanki ya zo. Ki ce ni ne nake roƙo."

Mai wanki ya zo. Bai tsaya jan rai ba. Ya tsuguna gaban durowar, ya kira yarinyar kusa.

"Kar ki taɓa da hannu. Kalli waɗannan. Da me suka yi kama?"

"Da ƙwayar shinkafa, amma baƙa."

"Kashin ɓera ke nan. Na kyankyaso ya fi ƙanƙanta, kamar garin barkono baƙi. Shi kuma yana barin ƙwansa a lungu, cikin wani ɗan kwanso kamar ƙwayar wake. Yanzu dubi rigar. Da wuta ce, bakin hujin zai yi ja-ja, ya yi tauri. Da asu ne, wato ƙwaron da ke cin tufafi, da kin ga ƙananan huji da yawa. Wannan kuwa bakinsa a tsattsage yake. Aikin haƙori ne. Ya ci biskit, ya yagi yadi ya yi shimfiɗa."

"Kai, har da shimfiɗa!" in ji Yaya. "Marowaciya, ashe baƙo kika sauka. Kin hana yayarki, kin ba ɓera."

Har Mama sai da ta yi dariya.

"To ta ina ya shigo?" Kaka ya tambaya.

Suka ja durowar gefe. Katakon bayanta ya ɓule. A gindin bango kuma ga wani ɗan rami, bai fi girman babban yatsa ba.

"Wannan ɗan ramin?" in ji yarinyar.

"In kansa ya shiga, jikinsa ma zai shiga," in ji mai wanki. "Abu uku ke kawo su gida: abinci, ruwa, da wurin ɓuya. Ki hana su ukun nan, da kansu za su yi ƙaura."

Kaka ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa.

"Malam mai wanki, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Haba Malam, ya wuce. Wallahi ya wuce."

"A wurinka ya wuce. A wurina da saura. A bainar jama'a na ɓata maka suna, ba zan gyara shi a cikin ɗaki ba. Ɗalibata, ɗauko rigar."

Suka koma bakin layi da la'asar, lokacin da mutane suka fi yawa. Kaka ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar farko. Ya ɗaga rigar sama.

"Jama'a, ku saurara! Na ce mutumin nan ya ƙona min riga. Ba gaskiya ba ne. Ɓera ne, a cikin ɗakina. Abu uku nake so. Na ɗaya, ku shaida na amsa laifina. Na biyu, ku shaida na ba shi haƙuri. Na uku, duk wanda ya janye wankinsa saboda maganata, ya dawo da shi yau, ba gobe ba!"

Sai yarinyar ta matso. Ba wanda ya sa ta.

"Ni ce na ɓoye biskit a wurin. Kuma na yi shiru ana yi masa faɗa. Baba, ka yi haƙuri."

Mai wanki ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka. Manya da yawa ba za su iya abin da kika yi ba."

Kaka bai tsaya nan ba. Ya je gidan kafinta da ƙafarsa, ya yi sallama, ya maimaita maganar. Ya je wurin mai shago, ya maimaita. Matar kafinta ta ce, "Malam, ai mun ji tun daga nan." Ya ce, "Ku sake ji." Kafin rana ta faɗi, ƙunshi biyar sun dawo shagon.

Ranar Asabar aka yi aikin gida. Mama ta yayyafa ruwan sabulu a aljihun kafin a share, don kar ƙura ta tashi. Yarinyar ta sa leda a hannu ta kwashe dattin, sannan ta wanke hannu da sabulu sau biyu. Kafinta ya sauya katakon bayan durowa, ya toshe ramin da siminti. Aka zuba hatsi da sukari a robobi masu murfi. Aka samo wa kwandon shara marufi. Famfon kicin da ya daɗe yana ɗiga, shi ma aka gyara.

Yaya ta ce a sayo guba. Mama ta ce a'a, yaran maƙwabta suna shigowa, ga kuma kaji. Ita da kanta ta ɗana tarko a bayan durowa, ta ce kar wanda ya taɓa. Bayan kwana biyu ya kama ɓera. Daga nan ba a sake ganin baƙar shinkafa a gidan ba.

Ita kuwa rigar, mai wanki ya kai ta wurin wani tela abokinsa. Tela ya ɗora aljihu a kan hujin, ya yi masa ɗinki mai kyau. Aka wanke ta tas, aka goge. Ranar biki Kaka ya sa abarsa, ya maƙala biro a sabon aljihun. Kowa ya ce rigar ta fi da kyau.

Da suka dawo, Kaka ya miƙa wa yarinyar wani gwangwani mai murfi.

"Ga ma'ajiyarki. A kicin za ta zauna. Ɓera ba zai iya buɗe ta ba."

"Yaya fa?"

"Wannan kuma sai ki koyi rabawa," in ji Kaka.

Ta buɗe gwangwanin. Biskit ne a ciki. Ta ba Yaya biyu, ta ba Mama, ta ba Kaka. Sannan ta naɗe huɗu a takarda mai tsabta, ta ruga bakin layi. Igiyoyin nan huɗu duk sun cika, har an ƙara ta biyar.

"Baba, na gode," ta ce. "Ka koya min abin da ban sani ba, kuma ba ka riƙe ni a zuciya ba."

Mai wanki ya karɓa yana dariya. "Ni ma na gode. Bari in cinye yanzu, kar in ɓoye a cikin kayan mutane."

Yara, ku riƙe wannan. Kar ku ajiye abinci a cikin tufafi ko ƙarƙashin matashi, ku sa shi a mazubi mai murfi. In kun ga ɓarna, ku duba alama kafin ku ɗora wa wani laifi. In kuma kun san gaskiya, ku faɗe ta tun a ranar farko, kafin igiyar wani ta zama babu kaya.