Askin Amarya

Matajin bai kai ƙeya ba Badi'a ta tsaya cak.

"Zinnira... me ya samu kanki?"

Zinnira ba ta waiwayo ba. Kwana uku ke nan fatar kanta na zogi, ta san za a rina. Badi'a ta zuro hannu ta kan kafaɗarta ta buɗe tafin. Gashi ne dam a ciki, baƙi wuluk, mai tsawo, irin wanda duk matan Unguwar Tudu ke yi wa 'ya'yansu kwatance da shi.

"Wallahi ban ja ba, shi ya biyo ni."

"Ba ni."

"Bari in zubar miki..."

"Na ce ki ba ni, Badi'a."

Ta ba ta, amma ba duka ba. Badi'a 'yar ƙanin babanta ce, mai kitson unguwa. Hannunta da sauri, bakinta kuma ya fi hannun, sannan ta daɗe da sa ido a kan abin da ba nata ba.

Wata huɗu da suka wuce wani ƙullutu ya fito wa Zinnira a wuya. Inna Marka, mahaifiyarta, ta ce a kira wanzami ya tsaga ya kafa ƙaho. Wanzamin da ke kusa kuwa Tasi'u ne, ɗan Durun ta ƙasar Kabo, mai shimfiɗa tabarmar aski a kasuwar Gwarzo. Shekara guda ke nan yana zuwa zance wurin Zinnira, Inna na haɗe rai, don a ganinta 'yar Malam Datti, tsohon malamin firamare, ta wuce auren mai zabira. Tasi'u ya dubi ƙullutun a gaban mahaifinta, ya mayar da askarsa.

"Baba, wannan ba na aska ba ne. A kai ta asibiti Kano."

Likita ya ce ciwon daji ne, amma an tare shi da wuri. Za a yi mata ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan sati uku. Malam Datti, wanda fanshonsa sai ya ga dama yake zuwa, ya sayar da shanun nomansa. An yi ƙarin ruwan sau biyu, na uku ranar Litinin mai zuwa. Amai ta jure shi, ɗacin baki ta jure. Likita ma ya faɗa mata gashi zai zube, ta gyaɗa kai. Sai dai ji daban, gani a tafin hannu daban.

Tun daga ranar kitson, zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta zauna kan turmi, ta miƙe. Ta juya madubi ya kalli bango, can kuma ta koma ta juyo shi. Gashi a matashi, gashi a bokitin wanka, gashi a wuyan riga. Ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gwangwanin madara, don Inna ta hore ta tun tana ƙarama cewa ba a barin gashi a ƙasa.

Abin da ke cin ranta kuwa, Tasi'u bai taɓa ganin gashin nan ba. Sau ɗaya jelar kitsonta ta leƙo ta ƙasan mayafi, ya kau da kai yana murmushi, ya ce, "Allah ya nuna mini ranar." Tun daga nan take shafa masa man shanu tana tanadi. Ga shi tanadin yana ƙarewa a gwangwani.

"Litinin ba zan koma ba," ta ce da iyayenta.

"Dama na faɗa," in ji Inna. "Maganin da ya ci gashi me zai bari? Shi ya tura mu can, shi kuma zai fara gudu, ku zuba ido."

Malam Datti ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo aya. Zinnira ta ja ɗankwali ta rufe har gira.

Ranar Laraba bayan la'asar Tasi'u ya yi sallama, don tun da shari'a ta kankama samari suka koma zancen rana. Ta ƙi fita. Ta tsaya bayan ƙyauren zaure, shi yana ciki, katako a tsakaninsu.

"Abar ƙaunata, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Ka koma, Tasi'u, ba ni da lafiya."

"Na sani. Badi'a ta same ni a kasuwa jiya. Ta kawo mini ƙunshi a takarda, ta ce in ga abin da zan aura."

Ta dafa bango. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya.

"Ita dai ta manta sana'ata," ya ce, har da 'yar dariya. "A kai wa wanzami gashi don ya tsorata? Ai kamar a razana mahauci da jini ne."

"Ba abin dariya ba ne..."

"Ba shi ba ne, yi haƙuri. Amma saurare ni. Akwai wani dattijo a Kabo da ya sha irin ruwan nan. Bara kansa kamar bayan ƙwarya, bana sau biyu nake aske shi a wata."

"Shi namiji ne."

"Kai dai kai ne, Zinnira."

"Ba zan koma ba. Gara in tafi da ɗan abin da ya rage mini."

Ya matso. Sai ta ji muryarsa dab da ƙyauren, ta sauya.

"Kanki na zogi, ko?"

"...Wa ya faɗa maka?"

"Gashin da ya saki ne ke jan wanda bai saki ba. Kullum kina kallon sa yana tafiya, shi ke kashe miki zuciya. Askewa ake yi gaba ɗaya, a huta."

"Wa zai aske ni? Badi'a, ta kai labari har Kabo? Inna kuwa cewa ta yi mace ba ta aski."

"Turo mini Baba."

Ta turo shi, amma ba ta matsa daga bayan ƙyauren ba. Aka gaisa, aka tambayi gida da mai jiki, sannan Tasi'u ya gyara durƙuso.

"Baba, roƙo na zo. A ɗaura mana aure Juma'ar nan."

"Jibi? Yarinya na fama, gida ko tiyar shinkafar biki babu?"

"Ba biki nake nema ba. Aiki gare ni a kanta, kuma bai halatta in ga gashinta ba sai ina mijinta. Ta zauna a ɗakinta har ta warke. Ni dai a ba ni izinin riƙe kanta, da na raka ta ranar Litinin."

"Malam, kada ka soma!" Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Marka, shanu biyu na sayar ban iya sa ta koma ba. Bari mu ga abin da mai zabira zai yi." Ya ɗan juyo. "Zinnira, na san kina nan. Kin ji da kunnenki. Me kika ce?"

Hawaye ya riga ta magana.

"Baba... in ya gani ya gudu fa?"

"Sai mu san mun yi asarar goro."

"To... na yarda."

Aka ɗaura bayan sallar Juma'a, mutum bai fi goma ba, da goro da dabino. Badi'a ta aiko cewa zazzaɓi take yi. Wunin ranar Zinnira ta ɗaura ɗankwali ta kwance ya fi sau ashirin.

Da rana ta yi sanyi ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, zabira a kafaɗa. Bayansa Inna ce riƙe da kwanon ruwan ɗumi. Ta ajiye ba ta kalli kowa ba.

"Ka bi a hankali, fatar ta yi laushi," ta ce, ta saki labule.

Zinnira ta zauna a tabarma ta ba shi baya.

"Ba haka na so ka gan shi ba, Tasi'u. Wallahi ba haka ba..."

"Na sani, masoyiyata. Buɗe."

Ta zame ɗankwalin. Nan tsibi, can fili, wani wurin 'yan silalla kawai. Ta runtse ido tana jiran jin numfashinsa ya sauya. Abin da ta ji shi ne ƙarar aska a kan fatar wasawa, sai tafin hannu mai ɗumi ya sauka a tsakiyar kanta, ya zauna.

"Bismillah."

Askar ta bi a hankali, tana kuka yana aiki. Duk inda ta wuce sai zogin ya bi ta ya tafi.

"Kin san jarirai nawa na yi wa askin suna?" ya ce. "Ban taɓa ganin uwar da ta yi kuka ba. Guɗa suke yi, don sun san na farkon ne ya tafi, mai ƙwari na tafe."

Da ya gama ya tattara gashin tsaf, ya ciro ƙunshin Badi'a daga aljihu, ya haɗa da na gwangwani.

"Wannan tare za mu binne shi."

Ya miƙo mata ɗan madubinsa na kasuwa. Ta daɗe tana kallo. Kan ƙarami ne, sumul, idanun sun ƙara girma. A gefen madubin ga fuskarsa, yana kallon ta irin kallon ranar da jelar kitso ta leƙo.

Ta share hanci.

"To wanzami, an yi askin suna. Wane suna aka raɗa?"

"Matar Tasi'u."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka. Ta shafa kan da hannu biyu, ta ji iska na taɓa shi, a karon farko cikin sati zuciyarta ta zauna wuri ɗaya.

"Ran Litinin..." ta ce, ba ta ɗago ba. "Ƙarfe nawa motar farko ke tashi?"