Barkonon Chengdu

Ranar da Abdulbaƙi ya fara ganin Mubina, ƙofar ƙarfe ce a tsakaninsu, da takunkumi biyu, da leda mai ɗumi a hannunsa. Hawa na tara ne, a wani dogon bene a unguwar Cheras ta Malesiya, ana tsakiyar kullen 2021. Larai, matar yayanta, ita ta rubuta a group ɗin Hausawan ginin cewa ƙanwar mijinta ta warke daga korona, amma hanci da harshe sun tafi, ta daina cin komai.

"Sannu da jiki. Likita ne ya zo."

"Likitan me?"

"Na dabbobi. Shi ma ban gama ba. Amma majinyatana ba su taɓa kai ƙara ba."

Ba ta yi dariya ba. Idanunta duk sun faɗa. "Komai takarda nake ji. Ka mayar, kar a yi asara."

"Wannan ba ruwansa da harshe. Cokali uku kawai."

Ya rataya ledar ya koma ɗakinsu. Kafin la'asar saƙo ya shigo:

"Malam, leɓena yana rawa kamar na lashi batir. Me ka sa min?"

"Hwajiyo, barkonon Chengdu. Ɗan'uwan fasaƙwari ne da ya yi boko. Kin ci?"

"Na cinye."

Shi Abdulbaƙi ɗalibi ne a Chengdu. Hutun sati biyu ya zo yi wajen abokinsa a Janairun 2020, China ta rufe ƙofa, ya maƙale. Lacca a waya, barci a katifar aro. Abin da ya rage masa na can shi ne ƙullin barkonon da ya kawo wa abokin tsaraba, abokin ya ɗanɗana ya ce Allah ya sawwaƙe.

Tun daga ranar, kullum da azahar akwai leda a ƙofar su Mubina: taliya da niƙaƙƙen naman sa, ko awara a jan mai, yadda wata tsohuwa Musulma ta kusa da tsohon masallacin Chengdu ta koya masa. Ita tana zaune daga ciki a kan kujerar roba, shi yana tsaye yana zuba mata labarin Chengdu. Gidajen shayi masu kujerun gora, inda ake biyan mutum ya sosa maka kunne. Madatsar ruwan da ta haura shekara dubu biyu tana aiki. Yaren garin, wanda in ya gwada wa 'yar China mai kantin ƙasan bene sai ta riƙe ciki ta ce ɗan ƙauye ya zo.

"Panda fa?"

"Sarkin ragwaye. Ya ci gora awa goma sha biyu, ya kwanta. Mu ne dai a kullen nan, Mubi."

"Kai dai ka faɗi kanka, Ɗan Panda."

Sunan ya bi shi. Wasu ranakun surutun ma ƙarewa yake, ya jingina da bango kawai. Ita ce take cewa, "Za a buɗe. Ka je ka yi karatunka."

Aka sassauta kulle, aka shekara. Leda ba ta fasa ba.

Yaya Abdulgani, yayan Mubina mai digiri na uku, bai taɓa sa cokali a ciki ba. Ya ce shi ba ya cin abin da bai san sunansa ba. Da maganar aure ta taso, ya kira Baba a Kano ya zayyana masa: yaro ba aji, ba kwali, jikinsa a Malesiya ransa a China. Ga kuma Malam Kabir, malamin jami'a, yana ta aiko da gaisuwa da kwalin dabino. Baba ya ce Abdulgani ne a kusa, abin da ya gani shi ke nan.

Ana haka, a Agustan 2022, makaranta ta aiko: ɗalibai su dawo. Saƙon da ya shekara biyu da rabi yana jira, ya karanta shi ya ji kamar an ɗora masa buhu.

"Mubi, an buɗe. Sati shida suka ba ni. In na tafi ba a ɗaura ba, Malam Dabino zai gaje ni."

"Yaya ya ce ka zo cin abinci ran Asabar. Ina jin sallamarka zai yi."

"To zan zo da tukunyata. A kore ni a ƙoshe."

Ya kakkaɓe ƙarshen ƙullin a girkin. Ran Asabar Abdulgani ya fara dogon bayani a kan haƙuri da ƙaddara. Don kar a ce ya wulaƙanta baƙo, ya ɗebi cokali ɗaya.

Bayanin ya tsaya. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya ƙara sha.

"Kai! Gishirin Malesiya gaba ɗaya ka juye? Ga ƙauri! Wannan kake ba ta? Allah ya taimake ta ba ta jin ɗanɗano."

Larai ta toshe baki, dariya ta ƙi tsayawa. "Wa? Mubina? Tun Mauludin bara harshenta ya dawo. Jiya ma ta ce miyata ba daddawa."

Abdulbaƙi ya juya. Ya kalli Mubina.

"Wasa kike da ni, kenan?" ya ce a hankali. "Ina can ina tattalin barkono..."

Mubina ta sunkuyar da kai. "In na ce na warke, da wane dalili za ka zo ƙofar?"

Abdulgani ya kalli kwanon, ya kalli ƙanwarsa. "Wata goma? Kullum?"

"Har da Juma'a, Yaya. Ran Juma'a yana ƙara gishiri."

Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ɗauki waya ya fita baranda. Suna jiyo shi: "Baba, na ɗanɗana da bakina. Yarinyar da ta ci wannan wata goma ba ta tofar ba, ni ban isa in raba ta da shi ba. A'a Baba, ba asiri ba ne. Gishiri ne."

Abdulbaƙi ya matso da kujerarsa kaɗan. "Da gaske ba daɗi?"

"Ɗan Panda, ko kaɗan."

"Tsohuwar nan ta ce na iya!"

"Tausayinka ta ji."

Bayan sati uku aka ɗaura a Kano, bayan sallar Juma'a, wakilai suka karɓa. A Cheras magariba ta wuce, mutum goma sha biyu sun taru a falo sun zuba wa waya ɗaya ido. Larai ta yi tuwon shinkafa, ta kulle kicin ta sa mukulli a jaka.

Hoton yana yankewa, amma muryar Baba ta fito. "Abdulbaƙi, ga amana. Ka je ka ƙarasa karatunka, ka dawo ka ɗauki matarka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya sa wannan ce rabuwarku ta ƙarshe."

Aka shafa. Mubina ta ɗago mayafi kaɗan.

"Kwana nawa ya rage?"

"Sha tara, amarya."

"To kar ka ɓata min ko ɗaya da labarin China."

Ya buɗe baki, ya kalle ta, ya rufe. Abdulgani ya ce a rubuta ranar.