Rawanin da Aka Ɗaure wa Boyi a Ciki

“Goggo, don Allah ki kwance shi!”

Sakinatu ta zube a ƙofar bukka, ko farar rigar aikin asibiti ba ta tsaya cirewa ba. Tun hantsi bijimi ya tunkuyi Boyi a ciki a karar shanun Illela. Da yake jini bai fito ba, sai aka kai shi ruga, mahaifiyarsa, Goggo Baraka, ta tamke cikin da rawani wai kada hanji su goce.

“Mi kika sani?” in ji Goggo Baraka. “Haka munka yi ma ubanai, ya tashi.”

Shekara biyu Goggo na ƙin soyayyar Boyi da Sakinatu, ita dai Raliya 'yar ƙanenta take so ya aura. Ga Raliyar kuwa a gefe, sai ɗura masa madara take kamar ta samu ɗan maraƙi.

“Cikinai kumbura yake daga ciki, Goggo. Ɗaurin ga matse shi yake ƙara yi, madarar ma ƙari ce. Ya yi fitsari tun ɗazu?”

Raliya ta rufe baki. “Ji marar kunya!”

Sakinatu ta taɓa cikin, ya yi tauri kamar ƙwarya, numfashinsa sama-sama. Tsoro ya kama ta.

“Masoyina... hwaɗa musu yana maka ciwo. Kalma guda, mu tai Sakkwato a buɗe cikin ga.”

Boyi ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da ido. Bafulatani ya yi raki gaban uwa? Ina!

“Ba komi,” ya ce.

Haka Sakinatu ta yi ta roƙo tun azahar, ta yi kuka, ta kama ƙafar Goggo. Sai da la'asar, da ya kasa haɗiye ko ruwa, Goggo ta kwance ƙullin da hannunta.

“Ɗauke shi, ɗiyata. Ki maido min shi.”

Aka shimfiɗa shi a bayan akori-kura, kansa a cinyar Sakinatu. Da suka wuce Gwadabawa ya buɗe ido.

“Goggo na nan?”

“Tana gaba, ba ta jinmu.”

“To, Sakina... yana min ciwo. Wallahi tun safe yake min ciwo.”

“Na sani, rabin raina. Saura kaɗan.”

Ba kaɗan ba ne. Kafin su kai Kware hannunsa ya saki nata, ita kuwa ta kasa buga wa direba ya tsaya, don Goggo na gaba tana ta addu'ar su isa.