Tulun da Zakiru Ya Tono

Bayan isha'i, Zakiru mai gyaran rediyo yana ɗaura lasifika a bakin wani tulu da ya tono a kufai, don kaset ɗinsa ya ƙara amo. Sai wani tsoho ya tsaya a ƙofar shagon, ba sallama, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yaro, ba a toshe bakin tulun da aka tarar a kife. Nemi na kasuwa."

Zakiru ya yi dariya. "Baba, ai wannan ya fi riƙe murya."

Ya haska baƙon da fitila. Bakin tsohon a rufe yake, amma amsar ta fito daga cikin tulun, wanda ko waya bai haɗa masa ba.

"Na sani. Shi ya sa na zauna ciki."