Itatuwan da Suka Ƙi Tashi

Da hantsi aka kira Sufeto. An tsinci gawar tsohon mai lambu a filin dashen itatuwa, an fasa masa ƙeya da shebur. Wata tururuwa na ta yawo a girarsa kamar mai neman ƙofar shiga. A aljihunsa babu komai sai reza, duk taɓo.

Manajan aikin ya riga ya sa an ɗaure direban tankar ruwa, surukin mamacin, a jikin taya.

"Shi ne, yallaɓai. Kullum faɗa suke. Ni yau ko filin ban taka ba."

"Baba ne fa!" in ji direban cikin kuka. "Faɗanmu na ruwa ne. Ya ce in ƙara wa itatuwa, Manaja ya hana."

"Rufe mana baki, ɓarawon mai!"

A bangon ofis akwai hotunan filaye uku da masu tallafin sauyin yanayi suka biya aka dasa. Gobe za su zo duba wani sabon fili, na huɗu. Sufeto ya daɗe yana kallo. A kowane hoto akwai wani ɗan itace mai ƙusumbi da karyayyen reshe, ya duƙa kamar tsohuwa mai neman allura.

"Manaja, itacen nan 'yan uku aka haife su?"

"Iri ɗaya ne, yallaɓai."

"Har karayar reshen?"

Suka koma fili. Sufeto ya nemo mai ƙusumbin, ya tona gindinsa. Yana nan cikin baƙar ledarsa ta raino. Ashe da leda ake binne su, a ɗauki hoto, a kwashe su zuwa wani filin. Ya ja, itacen ya ƙi tasowa. An tsaga ƙasan ledar da reza, saiwa ta kama ƙasa.

"Buɗe hannunka, Manaja."

Tafukan duk sun saluɓe, ga koren ganye a ƙarƙashin farce.

Manaja ya zube zaune. "Shekara uku ina yawo da itatuwan nan lafiya lau! Yau na zo in fara cira kafin motar kai su sabon fili ta iso, ko ɗaya bai motsa ba. Tsohon banza yana min dariya, wai sun gaji da tafiya, sun zauna. Me zan nuna wa baƙi gobe?"

Sufeto ya sa masa ankwa, ya kwance direban, aka tura Manaja mota.

Da masu tallafi suka ji labari, sai suka janye, aka tafi da tankar. Bayan wata biyu Sufeto ya bi ta filin, ya tarar itatuwan sun bushe a tsaye, kowanne riƙe da ƙasarsa. Mai ƙusumbin kuwa yana ɗakin ajiyar shaida, an rataya masa lamba. Sufeto da hannunsa ya tumɓuke shi.