Rubutu a Cokali

Lantana ta janyo kaskon fitsari daga ƙarƙashin gadon mijinta, ta same shi a bushe ƙayau kamar jiya. Ɗanbaba na kwance a ɗakinsu na unguwar Barroquinha, can ƙasar Nasara a ƙetaren teku, kai naɗe da tsumma, ƙafafu sun kumbura suntum.

Ɗan dako ne a bakin teku. Wani sojan doki a unguwar Água de Meninos ya ce wai Ɗanbaba ya tare masa hanya, ya sauke masa gindin bindiga a ka har ƙashi ya lotsa. Likitan asibitin sadaka ya huda ƙoƙon kan, ya ɗago ƙashin, ya kwashe gudan jini. Kai ya lafa, sai ƙoda ta tsaya cik. Likitan ya ja wa Lantana kunne cewa ruwan da ya shiga cikin nan ba shi da mafita. A jiƙa masa maƙoshi kawai, in ba haka ba ruwan zai hau ƙirji ya shaƙe shi.

To, akwai Yahaya. Ba uwa ɗaya suke da Ɗanbaba ba, sarƙa ɗaya ce ta ɗaure su a jirgin bayi, a ƙasar nan kuwa wannan ya fi nono ƙarfi. Shi ya sungumo ƙaninsa daga asibiti don kada a yi masa wankan shiga addinin Nasara yana sume. Yana sonsa kamar ransa, sai dai Allah ya ba shi zuciya ya rage masa kunne.

Da hantsi ya shigo da ƙwarya cike fal da rubutu, ya ce a ɗura wa mara lafiya duka. Lantana ta durƙusa ta gaya masa gargaɗin likita.

"Wato maganar Nasara ta fi ayar Allah?"

"Yaya, ban ƙi aya ba. Ruwan ne ya yi yawa."

Marin da ya kai mata sai da ta kife a kan kaskon suyar ƙosanta. Ta miƙe ta tare gadon. Ya shure ta, ta dawo. Ya ajiye ƙwaryar a bakin gado, ya rarumi muciya ya hau ta da duka, baki ya fashe, hannun hagu ya karye. Maƙwabta suka cika ƙofa, har da masu cewa ta gaji da jinya ne tana neman takaba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ta san in ta matsa, mijinta ya tafi.

Garin kokawar, ƙafar Yahaya ta bugi gadon, ƙwaryar ta karkace. Lantana ta yi wuf ta tare ta da karyayyen hannun, ta rungume ta tana ihun zafi. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Muciyar ta tsaya a sama.

"Yaya," ta ce, jini na bin haɓarta, "malam ya sake rubutawa, a wanke allon da ruwa cokali guda. Ayar ba za ta ragu ba."

Yahaya ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da ƙwaryar. Ya saki muciyar, ya fita neman malam da mai ɗori.

Haka aka yi ta yi, cokali da safe, cokali da yamma, Lantana na jinya da hannu ɗaya. Wata safiya ta ji tsiyaya a kasko, siririya, ja kamar jiƙon kanwa. Ta fashe da kukan murna.

Da Ɗanbaba ya farfaɗo ya ga fuskarta, ya tambayi wanda ya yi mata haka. Yahaya ya sunkuya ya ɗauki kaskon fitsarin da hannunsa, babba da shi.

"Ni ne. Na zo kashe ka da ƙauna, ita ta hana."

Ku da ke tasowa, ku riƙe wannan: son da ba ya saurare yana iya kisa, haƙuri kuma ba matsawa gefe ba ne. Lantana ta rasa haƙori biyu, ta tsira da mijinta.